Tukunyar da Ta Ƙi Shan Mai

Ranar da Dogo mai gwangwan ya kawo ludayin, kwana tara ke nan da Baba Tsatsa ya sayar da tukunyar. Ran Litinin ta fita daga hannunsa, ga shi yau Laraba ta mako na biyu.

Baba Tsatsa mutum ne mai shekara sittin da uku, gajere, mai faɗin kafaɗa, da tafin hannu baƙi wuluk wanda sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Sana'arsa gyaran kasko da tukunyar baƙin ƙarfe, irin masu nauyin nan na zubi da mutum ke gada a wurin kakarsa ya rasa yadda zai yi da su. Rumfarsa na bayan kasuwa, tsakanin mai walda da wata mata mai sayar da lemo da ayaba. Tsawonta bai wuce taku biyar ba. A ciki akwai benci, da baho biyu, da burushin waya iri-iri a rataye jikin ƙusa, da tanderun da ya ƙera da kansa da tsohuwar ganga. Sunan kuwa a kicin ɗin wani otal aka laƙaba masa shi, inda ya yi shekara ashirin da shida, ya fara da wanke-wanke ya ƙare yana kula da tukwane. Duk kaskon da aka manta a ruwa ya wayi gari ja, shi ake miƙa wa. Da otal ɗin ya koma amfani da tukwane marasa nauyi, sai aka sallame shi tare da tsofaffin. Ya kwashe su ya buɗe rumfa.

Aikin da yake yi, shi horo yake ce masa. Yakan jiƙa ƙarfe cikin ruwan khal, mai tsamin nan na girki, da aka sirka har tsatsar ta saki, ya goge da burushi, ya ɗauraye, ya ɗora a wuta nan take don kada danshi ya zauna. Sai ya shafa mai da tsumma, ya ɗauki wani busasshen tsumma ya goge man kamar bai so ya shafa ba. Abin da ya rage, wanda ido ba ya gani, shi ne daidai. Ya kife tukunyar a tanderu awa guda, ya bar ta ta huce da kanta, ya sake. Sau huɗu yake yi. Man yakan gasu ya kama ƙarfen ya zama wata baƙar fata mai sheƙi, wadda ƙwai ke zamewa a kanta, tsatsa kuma ba ta ratsa ta. Ba ya sakin tukunya sai ya ja wa mai saye kunne da abu uku: kada a jiƙa ta, kada a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi, kada kuma tumatir ko wani abu mai tsami ya shiga cikinta sai ta yi wata guda tana suya.

Dogo shi ke kawo masa yawancin kayan. Yana yawo da baro unguwa-unguwa yana sayen tsohon ƙarfe, abin da ya ga zai gyaru ya ware wa Baba. A wannan Larabar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya tsaya a bakin rumfa yana haki.

"Baba, fito ka ga dukiya. Ragowar kayan gidan nan ne da na samo maka tukunyar nan mai kunne biyu."

"Wane gida?"

"Na tsohon nan da ya rasu, na bakin ruwa. 'Ya'yansa sun ce a kwashe ɗakin ajiyar kaf, haya za su sa."

Baba ya goge hannu ya fito. Saman baron akwai ƙafar keke da murfin rijiya da wasu sarƙoƙi. A ƙarƙashinsu ya jawo wani ludayin ƙarfe mai dogon hannu, mai ɗan baki a gefe irin na zuba. Nauyinsa ya fi girmansa. A cikinsa wani abu ne ya daskare, mai launin toka, ba ya ƙyalli. Ya fito da wuƙarsa ya ja a kai. Wuƙar ta shiga kamar a sabulu, ta bar layi fari mai sheƙi.

"Me tsohon yake yi?"

"Kamun kifi yake yi da. Da ƙafa ta ƙi, sai ya koma yi wa masunta nauyin bakin taru. Ka ga abin zubin ma." Dogo ya ɗago wasu ƙarafa biyu masu ramuka a jere. "Tsohon batirin mota yake fasawa ya ciro dalmar, ya narka, ya zuba a nan."

"A cikin me yake narkawa?"

Dogo ya kau da kai yana sosa ƙeya.

Baba ya zauna a kan benci da ludayin a cinya. Tukunyar ya tuna, da ranar da ta zo. Ja-jawur take da tsatsa ciki da waje, amma zubinta mai kyau ne, ba tsaga, ba rami, ga kauri. Da ya wanke ta sai ya ga wani tabo a gindinta daga ciki, kamar faɗin tafin hannu, launin toka-toka, da wasu ɗigo-ɗigo a gefe ɗaya har zuwa baki. Ya goge da samfefa, tabon ya yi sumul amma bai tafi ba. Ya ɗauka wani tsohon faci ne. Da ya shafa mai ya gasa, ko'ina ya yi baƙi ban da wurin. Man ya ƙi zama a kansa. Shi kuwa a shekara arba'in bai taɓa barin ƙarfe ya gagare shi ba. Ya ƙara mata zagaye na biyar, da na shida, da na bakwai, yana rage wuta, yana ƙara lokaci, har tabon ya ɓace ƙarƙashin baƙi. Ran nan har kiran mai walda ya yi ya zo ya gani.

"Baba," in ji Dogo a hankali, "sau nawa ka gasa ta?"

"Bakwai."

"To ai ka rufe shi ke nan. Wa zai kai ga abin da ke ƙasa?"

"Fata ce, Dogo, ba bango ba. Cokali na kankare ta. Tsami na cinye ta."

"Ni dai shawara ce. In maganar nan ta fita, daga ni har kai ba mai sake sayen ko murfi a hannunmu. Ka ma san wa ka sayar wa?"

Bai san sunanta ba. Amma ya tuna ta sarai. Mace ce da za ta kai hamsin, cikin koren kayan masu shara, da filasta a babban yatsa. Ta daɗe tana ɗaga tukwane tana ajiyewa. Ta ce ba wa kanta take nema ba, 'yarta ce ke da ciki wata bakwai, a wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa, wata kuma ta gaya mata girki a tukunyar baƙin ƙarfe yana taimakawa, musamman in an daɗe ana dafa tumatir a ciki. Shi da hannunsa ya sauko mata da mai kunne biyun daga ƙusar sama, ya ce mata duk rumfar ba kamarta.

Yana zaune haka matarsa ta iso da abincinsa na rana, kamar kullum. Inna ake ce mata, shi ma haka yake kiranta tun da aka haifi ɗansu na fari. Ta dubi fuskarsa, ta dubi Dogo da ke sosa ƙeya, ta ajiye kwanon.

"Wa ya mutu?"

Ya gaya mata cikin magana kaɗan. Ba ta katse shi ba har ya gama.

"Ita ce wadda ka kwana uku kana ba ni labarinta kamar ka yi sabuwar budurwa?"

"Ita ce."

"Mai cikin ce za ta ci a ciki?"

"Ita aka saya wa."

"To me kake yi a zaune, Malam? Tashi. Ni zan tsare rumfar. Kai kuma Dogo, in ka sake cewa a yi shiru, wannan ludayin zan kwaɗa maka."

Abu ɗaya ya sani da zai iya bi. Ranar da matar ta sayi tukunyar ba ta tafi da ita ba, ta ce za ta koma aiki, ta bar ta wurin mai lemo sai da yamma ta zo ta ɗauka. Mai lemo kuwa ba ta barin mutum ya tsaya minti biyu a gabanta ba ta san inda ya fito ba. Sai dai duk abin da ya shiga kunnenta, kafin la'asar kasuwa ta ji. Baba ya san haka. Ya je ya tsaya a gabanta.

"Mai koren kayan? A dogon ginin gilashin nan take shara, na ƙarshen titi. Lafiya, Baba? Canji ta manta?"

"Tukunyar ce ba lafiya. An narka dalma a cikinta, ban sani ba."

Mai lemo ta tsaya da wuƙa a cikin lemo. Bai jira abin da za ta ce ba.

Daga kasuwa zuwa ginin tafiyar minti ashirin ce ga mai ƙafa lafiya. Gwiwar Baba ta hagu ta daɗe tana ba shi wahala, ya yi ta a rabin awa, da ludayin naɗe cikin tsumma a hammata. Sha biyu da rabi ta wuce lokacin da ya isa. A bakin ƙofa maigadi ya tare shi, ya dubi hannuwansa, ya dubi abin da ke hammatarsa.

"Baba, wurin wa ka zo?"

"Wata mai shara."

"Sunanta?"

"Ban sani ba."

"Masu shara goma sha huɗu ne a nan. Mene ne wannan ka naɗe?"

Ya kwance ya nuna masa. Maigadin ya juya ludayin, bai ga abin tsoro ba, bai kuma ga dalilin da zai sa tsoho ya taho da shi neman matar da bai san sunanta ba. Ya ce a jira. Baba ya jira a tsaye, yana kallon agogon da ke cikin zauren ta bayan gilashi. Mutane na fita cin abinci suna dawowa. Shi abin da yake lissafawa a ransa daban ne: a wannan lokacin ake ɗora girkin rana a gidaje. Ɗaya da kwata shugabar masu shara ta sauko, mace mai makullai a ƙugu, fuskarta ba alamar tana da lokacin ɓatawa. Ya sake faɗin labarin daga farko, a gaban maigadi da wasu direbobi biyu da suka matso. Karo na uku ke nan a ranar da ya ce da bakinsa ya sayar wa mai ciki tukunya mai guba, kuma bai ji ya yi masa sauƙi ba.

"Mai filasta a yatsa," in ji shugabar. "Na gane ta. Ba ta zuwa ran Laraba. Lambarta kuwa ba zan ba ka ba, ban san ka ba."

"Kada ki ba ni. Ki kira ta da kanki, ki ce kada a ci komai daga tukunyar."

Ta kira. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake, haka. A karo na uku ta sauke wayar daga kunne ta dube shi, fuskarta ta ɗan sauya.

Wata dattijuwa ce ta warware musu, tana wucewa da bokiti da abin goge ƙasa, ta ji ƙarshen maganar. Ta ce ran Laraba matar kan raka 'yarta awo da safe, daga nan ta wuce gidan 'yar ta yi mata girkin kwana biyu, kuma in tana kicin wayarta na cikin jaka, ko gobara ake yi ba ta ji. Ta taɓa raka ta sau ɗaya. Gidajen benen nan ne na bayan babban tankin ruwa, gini na uku daga titi, hawa na huɗu, ƙofa mai shuɗin fenti.

"Ni ban faɗa ba," in ji shugabar. Amma ita ta nuna masa inda ake tsayawa a hau bas ɗin da ke zuwa can, ta ce za ta ci gaba da kira.

Bas ɗin ya tsaya sau goma sha ɗaya, Baba ya ƙirga. A wata mahaɗa suka yi minti goma ba motsi saboda wata babbar mota da ta mutu a tsakiyar hanya. A wannan zaman abu ɗaya yake ta juyawa a ransa: ko ta bi maganarsa ta wata guda, ko ba ta bi ba. In suya kawai aka yi ta yi, fatar na nan, ƙila ba abin da ya kai ga abinci. Amma ya san mutane. A cikin goma da yake ja wa kunne, uku ne ke ji.

Ya sami ginin biyu da rabi ta wuce. Matakalar ƙunci ce, kowane hawa da igiyar shanya da takalma a bakin ƙofofi. A hawa na biyu ya tsaya ya dafa bango. A na uku ƙamshi ya iske shi, na albasa da nama da tumatir da ya daɗe a wuta. Zai iya zama daga kowace ƙofa. Ya ƙarasa sama ya buga shuɗiyar.

Wata matashiya ce ta buɗe, ciki ya fito sosai, hannu ɗaya a ƙugu. Ɗakin ƙarami ne, daga ƙofa ana hango kicin. Matar mai koren kaya, yau cikin kayan gida, tana tsaye ta ba da baya tana juya cokali. Tukunyar na kan wuta, kunnuwanta biyu a waje, baƙa tana sheƙi kamar ranar da ta bar rumfa.

"Salamu alaikum. 'Yata, ki ce wa mamanki ta sauke tukunyar nan."

Uwar ta juyo da cokali a hannu. Sai da ta ɗan dube shi kafin ta gane.

"A'a, Baba mai tukwane? Wa ya nuna maka nan?" Ta yi 'yar dariya ta kare tukunyar da jikinta. "In tumatir ɗin ne, na sani, ka ce wata guda. Ni ba ni da wata guda, haihuwa saura wata biyu."

"Malama, kashe wutar tukuna. An ci daga wannan?"

"Yanzu zan zuba mata."

"Kada ki zuba."

Yadda ya faɗa ne ya sa ta kashe. Ya nemi izini ya shiga, ya kwance ludayin ya ajiye a kan tebur, ya gaya musu abin da Dogo ya kawo da abin da tsohon bakin ruwa yake yi. 'Yar ta zauna a hannun kujera. Uwar ba ta zauna ba.

"Ƙila ba a wannan yake narkawa ba," in ji ta. "Ka gani da idonka?"

"Yanzu za mu gani."

Ya sa ta juye miyar a wani kwano. Suka jira tukunyar ta huce, domin ko a wannan halin bai yarda a zuba mata ruwan sanyi ba, kada ta tsage kafin a duba. Sai da ta ɗauki minti goma sha biyar. Da ta huce ya wanke ta, ya kai ta bakin taga. A gindin, inda cokali ke yawan bi, baƙin ya riga ya dushe, ya koma ruwan ƙasa. Ya sa wuƙarsa ya kankare. Aikin kwana uku ya tashi ɓawo-ɓawo. A ƙarƙashi tabon na nan yadda ya bar shi. Ya ja wuƙar a kai, layi fari ya fito, mai sheƙi, irin na cikin ludayin. Ya ajiye su gefe da gefe.

"Sau nawa aka yi tumatir a ciki?"

"Ran Asabar, da Litinin," in ji uwar. Muryarta ta yi ƙasa. "Kafin nan ƙwai da dankali kawai, yadda ka ce. Yau na uku."

"Ta ci da yawa?"

"Mama, ban ci da yawa ba," in ji 'yar. "Ƙarnin ƙarfe nake ji, zuciyata na tashi. In kin juya baya mijina nake tura wa."

"Ni ina nan ina wahala, ashe ƙaton nan nake ƙara wa jini," in ji uwar.

Ba wanda ya yi dariya, har ita da ta faɗa. Ta juyo ga Baba.

"Kai ka ce mini duk rumfarka ba kamarta."

"Na ce."

"Ka ga wannan tabon kafin ka ba ni?"

"Na gan shi. Ban san ko mene ne ba, ban kuma tambaya ba. Ya ƙi shan mai, na yi ta bin sa har na rufe shi."

"Da ba ka iya aikinka ba, da na gani da idona na ajiye."

"Haka ne."

Ta ɗauki mayafinta da jakarta. A cikin jakar wayar na ƙara, ba ta duba ba. Ta ce wa 'yar ta sa takalmi, ta kira mijinta ya same su a asibiti.

Baba ya bi su, ba wanda ya gayyace shi, ba wanda ya kore shi. Ya zauna a bencin waje da tukunyar cikin buhu tsakanin ƙafafunsa. Can aka leƙo aka kira shi, likitar na son ganin tukunyar da jin yadda aka yi. Ta tambayi kwana nawa, girki nawa, mai tsami ko mara tsami. Ta ce dalma ta fi cutar da ƙananan yara da abin da ke ciki, kuma ba a gane ta da ido ko da yadda mutum yake ji, sai an auna jini. Aka ɗebi na 'yar, da na mijin da ya iso a guje da kayan aiki a jikinsa, da na uwar. Da likitar ta ji Baba ya goge tabon da samfefa ba tare da ya rufe hanci ba, ta ce shi ma ya miƙo hannu. Sakamako sai bayan kwana biyar. Mijin ya dubi Baba sau ɗaya, ya kama hannun matarsa suka fita.

Washegari da safe Baba ya ari gudumar mai walda. Dogo ya ce a ba shi tukunyar ya jefa cikin gwangwan, Baba ya ƙi. Ya san hanyar tsohon ƙarfe. Tukunya mai kyau irin wannan, in ta shiga baro lafiya, wani zai tsince ta, ta koma wani kicin. Ya kife ta a ƙasa ya rufa mata buhu. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Bugu na biyu ta rabe uku. Ya haɗa gutsattsarin da ludayin da abin zubin ya kai wa masu karɓar tsohon batir, ya gaya musu abin da ke jiki. Ya zubar da burushin da ya yi amfani da su a kanta, da tsummokin, da bahon. Kasko huɗu da ya gyara bayanta suna nan a rataye ba a saya ba, ya sauke su ya cire musu fata gaba ɗaya ya fara daga farko.

Kwanakin biyar ɗin rumfar ta yi shiru. Labari ya zaga kasuwa kamar yadda ya zata. Wani mai shayi ya dawo da kaskon da ya saya shekara biyu da suka wuce, ya ce a duba masa. Baba ya kankare masa gindin a gabansa, ƙarfe ne zalla, sannan ya sake horar da shi. Inna ta ce a kwanakin nan abincin da take kawo masa haka take mayar da shi. Duk macen da ta ɓullo daga kwanar mai walda da koren kaya, sai ya miƙe.

Ran Talata da rana ta zo. Ta tsaya a bakin rumfa, ba ta shiga ba, Inna ta jawo mata kujera ba ta zauna ba.

"An samu a jininta, amma kaɗan. Likita ta ce bai kai na magani ba. Za su sake aunawa bayan wata, su kuma auna jaririn in ya zo. Na mijin ya fi nata. Shi ma sun ce zai sauka, tunda an daina."

Baba ya koma kan benci ya zauna. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Naka fa?" in ji ta.

"Ban je na karɓa ba."

"To ka je. Ba na son a ce ni na kashe ka."

Inna ta shiga ciki ta fito da wata tukunya a rungume. Tun ran Alhamis ta kawo ta daga gida ta ajiye a ƙarƙashin benci. Ba ta kai waccan kyau ba, kunnenta ɗaya ya guntule, amma cikinta baƙi ne sumul kamar an zuba masa ruwa.

"Wannan kuma me aka narka a ciki?" in ji matar.

"Shekara talatin da ɗaya ina girki a cikinta," in ji Inna. "'Ya'ya biyar ta ciyar. Ba abin da ya same su sai taurin kai, shi kuma a wurin ubansu suka gada. Ki sa mata tumatir yau ma in kin so, ta wuce a ja mata kunne."

Matar ta karɓa, ta juya ta, ta duba gindin a hasken rana, ta sa farce ta kankara. Sannan ta ɗora ta a ka ta tafi. Ba ta yi godiya ba, ba ta kuma yi sallama da Baba ba.

Yanzu a rumfar akwai sabon tsari. Duk tukunyar da Dogo ya kawo, sai ya faɗi gidan da ta fito da sana'ar mai gidan, in bai sani ba ya koma ya tambayo. Yana ƙorafi, amma yana komawa. Baba kuma sau huɗu yake gasawa, ba ya ƙarawa. Wurin da ya ƙi shan mai a zagaye na huɗu, wuƙa yake sa masa. Tun daga lokacin ya fasa guda biyu, ɗaya a cikinsu bai tabbatar ba ma. An haifi jaririn, mace ce, mai lemo ce ta kawo labari, ta ce an auna ta an sallame su. Kakar takan wuce ta gaban rumfar wani lokaci in ta taso daga aiki. Takan gaida Inna. Shi kuma takan ɗaga masa hannu, ba ta tsayawa.